Rigimar Dara da Lido a Makarantun 'Ya'yanmu

'Yan'uwana mata, zancenmu na wannan mako a kan wasa ne. Na sani wata za ta karanta ta ce, ana ta kai wa ke ta kaya? Mutanen Turba da Isa da Sabon Birni suna barci da ido ɗaya, manomi yana shakkar gonarsa, matafiyi yana shakkar hanya, sa'an nan a zo a cika mana shafi da zancen dara da lido? To, ku yi haƙuri ku ji. Rigimar da a ke yi a makarantu a kan wasan da yara za su yi cikin ɗaki, da wanda ba za su yi ba, daga wannan masifa ta tsiro, kuma a kan 'ya'yanmu mata ta fi faɗawa.

Kowace mace da ta girma a ƙasar Gobir ta san dandali. In an yi sallar isha'i, an ci tuwo, farin wata ya fito, sai ki ji tafi ya tashi daga wata unguwa, wata unguwa ta amsa. Gaɗa ke nan. A nan yarinya ta ke koyon ɗaga murya cikin jama'a, a nan ta ke koyon habaici da mayar da shi, a nan ta ke jin labarin kishiya da uwar miji tun ba a sa ranar aurenta ba. Wadda ta gaji ta koma ɗakin kaka, a yi tatsuniya, a yi kacici-kacici, har barci ya kwashe ta.

Yau a ƙauyuka da yawa na gabashin Sakkwato dandali ya zama makwancin awaki. Wace uwa ce za ta bar ɗiyarta waje bayan magariba? Tun wajen 2019 dubban mutane daga wannan yanki suka ƙetara iyaka zuwa ƙasar Maraɗi, wajen Gidan Runji, don gudun ɓarayin daji. A watan Disamba na 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Jihar Katsina. Kwanaki kaɗan bayan haka Gwamnatin Sakkwato, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ta rufe makarantun kwana 16 na bakin iyaka, cikinsu har da sakandaren Isa, da ta Sabon Birni, da firamaren kwana ta Isa, da makarantar koyon sana'a ta Bafarawa. A Fabrairu 2021 kuma sai ga na Jangebe a Zamfara, 'yan mata 279. Ba don in fama wa kowa gyambo na kawo waɗannan ba. Na kawo su ne don a gane abin da ya kora wasan yara zuwa cikin ɗaki.

Ku duba inda a ke gina makaranta a garuruwanmu. Kusan kullum bayan gari ne, don can fili ya ke. Filin ƙwallo kuwa yana bayan makarantar, daga shi sai gonaki, daga gonaki sai daji. Malamin da ya san ciwon kansa ba ya son ya ga yaransa sun watsu can. Ga rana kuma: daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato ya kan wuce digiri 40, in hunturu ya sauka kuwa ƙura ta hana buɗe ido. Saboda haka in an tashi tara, yawancin yara, musamman mata, cikin aji su ke ko a baranda. Abin da ya rage wa yarinya na dandali yanzu shi ne wannan ɗan lokaci, cikin wannan ɗan ɗaki.

Ga yadda rigimar ta kan tashi, kuma duk inda aka ba ni labarinta kamanninta kusan ɗaya ne. Wani malami mai himma, sau da yawa sabon zuwa, ya roƙi hedimasta a ba shi wani ajin da ba kowa, ko sito, ya share, ya shimfiɗa tabarmi. Ya kafa ƙungiyar muhawara da ta wasan kwaikwayo, ya sayo lido biyu da kuɗin aljihunsa, yara su kawo dara. Mako biyu, mako uku, abu ya yi armashi, har yaran da ba su zuwa sai ran da suka ga dama su fara sammako. Ran nan sai a kama samari biyu sun zuba kuɗin tara a kan lido, ko wani ya shigo da karta cikin aljihu. Wanda aka cinye ya fashe da kuka, ko kuwa a ba hammata iska. Magana ta kai gida, uba ya zo da faɗa. Kashegari da safe hedimasta ya tara yara ya yi shela: daga yau ba lido, ba karta, ba dara, ba kowane irin wasa cikin ɗaki. A kawo kwaɗo a datse ƙofa. Wake ɗaya ya ɓata gari. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe karta ba, monita ya zazzage mata jaka ya watsar da duwatsun carafkenta. Ƙungiyar muhawara da ta wasan kwaikwayo, da ya ke a ɗakin su ke taruwa, su ma su mutu ba wanda ya kashe su.

Kada mu yi saurin zagin hedimasta. Mutum ne da yara suka yi wa yawa, malamai suka yi masa kaɗan. In wani abu ya faru shi za a tambaya, a ofishin ilmi da gaban hakimi duka. Dokar da ta ce "ba komai" ta fi sauƙin tsarewa bisa wadda ta ce "wannan i, wancan a'a", gama ta farko kwaɗo ɗaya ya ishe ta, ta biyu kuwa tana bukatar mutum ya zauna ya sa ido. Na gane uzurinsa. Amma sauƙinsa ne ya duba, ba amfanin yaran ba.

Ƙungiyoyin nan ba baƙi ba ne a makarantun Arewa, kuma ba ɓata lokaci ba ne. A shekarun 1940, a Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda malaman makaranta da ma'aikata su ke zama su yi muhawara, su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka wasa harshensu. Malam Aminu kuwa tun yana koyarwa a Midil ta Bauchi ya ke shirya wa ɗalibansa wasan kwaikwayo. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya an kafa ta a Ikko a 1954, ta bazu makarantu har ƙasarmu. Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Raba nan kusa da mu, a Kwalejin Katsina ya ƙware a wasan fayif, na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Turawan makaranta suka kawo a shekarun 1920, bai kuwa bar shi ba har ya zama Firimiya. Amma ku lura da abu ɗaya. Maza aka gina wa bangon fayif. Da aka buɗe makarantar horar da mata a Sakkwato a 1939, abin da aka fi ba ƙarfi shi ne ɗinki da girki da tsabta da renon yara. Tun daga can rabon mace a wasan makaranta ƙarami ne, sai dai a lokacin ba ta damu ba, tana da dandalinta.

Yanzu sai maganar malamanmu na addini, wadda ita ce mai nauyi, don haka zan daɗe a kanta. Caca haramun ce, ba mai jayayya, Suratul Ma'ida ta ambace ta tare da giya a aya ta 90. Duk wasan da aka sa kuɗi, ko gyaɗa ce, ko fensir, wanda ya ci ya kwashe, ya shiga caca. Bayan wannan akwai hadisai, cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim, da suka yi hani ga wasan nardu, watau wasan da a ke jefa ɗan ƙashi mai ɗigo-ɗigo a bi abin da ya nuna. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda a ke karantawa a kowane zaure na ƙasar nan, ta hana nardu, ta hana shaɗaranji, watau darar nan ta sarki da dawaki da a ke kira ces. Malaman Shafi'iyya kuwa sun sassauta a kan shaɗaranji, in ba kuɗi a ciki kuma bai sa an bar salla ba. Wasu cikinsu suka raba wasanni biyu: wanda ya dogara ga lissafi da tunani, da wanda ya dogara ga sa'a kurum.

To, malamin da ya ga lido ya ɗaure fuska ba jahilci ya yi ba. Lido da ɗan ƙashin nan a ke yin ta. Asalinta wani wasa ne na Indiya, Turawan Ingila suka gyara shi suka fara sayarwa a 1896, ya iso mana cikin kwali. Ni ba malama ba ce, ba zan yanke hukunci ba. Amma ra'ayina shi ne, in malamin garinku ya ce ba ya son lido a makaranta, a bar masa lido. Baƙuwa ce, ba ta koya wa yarinya komai sai jiran sa'a da ƙirga shida. Karta ma ta bi ta, gama sunanta ya riga ya ɓaci a bakin iyaye. Wannan ba asara ba ce da za a tsaya ana rigima a kanta har a rasa ɗakin gaba ɗaya.

Inda na tsaya ban matsa ba shi ne a haɗa da dara, da carafke, da 'yar tsana, da kacici-kacici, a ce duk wasa ne, wasa kuwa shiririta. Buhari da Muslim sun kawo cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙawayenta suna zuwa su taya ta. In ya shigo su kan ɓuya don kunya, shi kuwa ya kan turo su wurinta su ci gaba. Wanda ya san wannan da wuya ya ƙwace wa yarinya duwatsu biyar. Darar ma a kai ta gaban malam a tambaya a wane kashi ta faɗa, kada hedimasta ya yanke shi kaɗai da sunan addini alhali gudun hayaniya ya ke yi.

Ga wadda ba ta taɓa zama ta kalli dara da kyau ba, bari in bayyana. Ta maza gida 30 ne, layi 5, kowane layi gida 6, a tona su a rairayi. Kowa yana da 'ya'ya 12, wannan ya riƙe tsinke, wancan duwatsu. Da farko a yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda mutum ya jera uku ba tukuna. In an gama dashe sai a fara tafiya, gida ɗaya kowane motsi, wanda ya jera uku a layi ya cire ɗan abokin wasansa ɗaya. Wasan kuwa tun wurin dashe a ke cin sa ko a faɗi, don mai wayo yana dasa ɗa ne yana hangen inda zai kai shi bayan motsi huɗu ko biyar. Tamu ta mata gida 12 ce, shida nan shida can, kowane gida 'ya'ya 4, jimla 48. Ki kwashe gida ki bi kina rabawa ɗai-ɗai. Yarinyar da ta iya ta, kafin ta ɗaga hannu ta riga ta ƙirga inda ɗan ƙarshe zai faɗa, da abin da za ta ci, da abin da ta bar wa abokiyarta. Haɗawa ke nan, da ɗebewa, da rabawa, abin da malamin lissafi ya ke ta fama da alli a kai. Kakanninmu da ba su taɓa shiga aji ba da wannan suka iya lissafin adashe.

A wasu wurare an riga an gane haka. A 2015 wani ɗan Nijeriya, Wellington Jighere, ya zama zakaran duniya a wasan haɗa kalmomi na Scrabble a birnin Perth na Ostireliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci. Tunde Onakoya kuma tun 2018 ya fara koya wa yaran unguwannin talakawa na Ikko wasan ces, ta nan ya samo wa da yawa hanyar makaranta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a kan haƙƙin yara, wadda Nijeriya ta amince da ita, a sashe na 31 ta sa hutu da wasa cikin haƙƙin yaro. Mu ba sai mun sayo kome daga waje ba, darar tana nan ƙofar gida.

Mu kanmu iyaye mata muna da hannu cikin rufe ɗakin nan, gara a faɗa. Sau nawa a ke jin uwa tana cewa karatu ta aika ɗiyarta ba wasa ba, in wasa za a yi ta dawo ta ɗauki talla? Wata kuma tsoro ne ke damunta, don malamin ya sa lokacin ƙungiya bayan an tashi, yarinya ba ta isowa gida sai la'asar, hanya kuwa ta bi ta gonaki. Wannan ta biyu tana da gaskiya ɗari bisa ɗari. A wannan yanki ba a tsare yaro a makaranta bayan tashi, ko minti goma ne, kuma duk malamin da ya yi haka bai san inda ya ke ba. Ta farkon kuwa ina roƙonta ta sake tunani. Yarinyar da makaranta ba ta ba ta komai sai allo da bulala da zaman shiru, ran da aka ce ta bari ba za ta yi gardama ba. Wadda ta san ran Laraba ita ce za ta fito a matsayin alkali cikin wasan kwaikwayo, ko tana bin ƙawarta bashin ci biyu a dara, ita ce za ta tashe ki da asuba ta ce a ba ta koko ta tafi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Ko inda ɗakin ya ke buɗe, maza ne ke cika shi. Su za su riga shiga, su kame tabarmi, 'yan mata su tsaya bakin taga suna leƙe, kunya ta hana su kutsawa. In aka rufe, namiji bai rasa kome ba, da yamma yana gindin bishiya ko shagon cajin waya, can kuwa ba mai duba ko da kuɗi a ke yi. Watau dokar ba ta hana cacar ba, ta dai mayar da ita inda malam ba ya gani. Ita macen tana gida, daga daka sai wanke-wanke.

Mu Gobirawa muna da misali a tarihinmu da ya kamata masu yin doka su tuna. Sarautar Inna tsohuwa ce a Gobir, ita ce shugabar mata, kuma malfa tana cikin alamunta. Bayan da Alƙalawa ta faɗi a 1808, mata da yawa na karkara suna nan da al'adunsu na da. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta ce a hana mata taruwa ko a hana su waƙa ba. Ta zaɓi dattijai mata ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa irin wadda mata suka saba girmamawa, ta koya musu karatu cikin waƙa, su kuma suka kai ƙauyuka. 'Yan Taru ke nan. Ta karɓi abin da mata suka riga suka sani, ta zubar da wanda bai dace ba, ta cika shi da ilmi.

Irin wannan aiki ne ke gaban kwamitin kula da makaranta, wanda ya kamata a ce kowace makarantar gwamnati tana da shi, da ƙungiyar iyaye mata inda ta ke. Irin waɗannan ƙungiyoyi an kafa su da yawa a Jihar Sakkwato ƙarƙashin shirin ilmin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar daga 2012 zuwa 2022. In taku ta yi barci, ku tashe ta. Ku nemi a zauna da hedimasta da malamin addini, a rubuta dokar a takarda ɗaya, da Hausa, a manna a ƙofa. A ambaci wasannin da aka yarda da su da sunansu. A rubuta cewa ba kuɗi, ba abinci, ba kome a kan wasa, wanda ya saɓa kuwa shi kaɗai za a kora daga ɗakin, ba ɗakin za a rufe ba. Lokaci ya zama cikin lokacin makaranta, ko awa ɗaya ce a mako. Abin da na fi so ku dage a kansa shi ne 'yan mata su sami ranarsu su kaɗai. Na san makarantun ƙauye da yawa ba su da malama mace ko ɗaya. To, a cikinku ba a rasa dattijuwa mai mutunci da za ta zo ta zauna bakin ƙofa da carbinta, a ba ta makulli. Ba ta bukatar takardar shaida don ta raba gardamar carafke, in kuwa yara suka gaji sai ta ce ga ta nan ga ta nanku.

Kayan wasan ba su da tsada. Mai ginin tukwane za ta iya gina darar gida 12 da yumɓu ta gasa tare da tukwanenta, 'ya'yan tsamiya ko ƙwallayen dabino su zama 'ya'ya. Ta gida 30 kuwa a zana ta a bayan kwali, a tara marafan kwalba kala biyu.

Ƙa'idar darar mata ta bambanta daga gari zuwa gari, yadda a ke ci a wannan gari ba lalle ne haka a ke ci a na gaba ba. Ina roƙon masu karanta wannan shafi na Turba, da Isa, da Gatawa, da Unguwar Lalle, da 'yan'uwanmu na Tsibiri a ƙetaren iyaka, kowace ta tambayi tsohuwar gidansu yadda su ke yin tasu, ta rubuto wa Edita. Waɗanda suka iso za mu buga su a nan, don malaman da ke son koya wa yara su sami abin dubawa.